Shekara Goma Bayan Malam Habu, da Muryar da Aka Sa Masa a Baki

Wa ke da waƙa? Wanda ya rera ta ne, ko wanda aka ba shi ita a gaban shaidu, ko wani kamfani da bai san ma'anar kalma ɗaya a cikinta ba? Shekara goma ke nan da rasuwar mai gidana, kuma duk wanda na yi wa wannan tambaya sai ya gyara zama ya fara yi mini bayanin doka. Na ji bayanin har ina iya maimaita muku shi. Amma har yau ban ji amsar da ta kwanta mini ba.

Ni ban yi karatu ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Faɗa nake yi, 'yata Rakiya tana rubutawa, a ɗakinmu na La Guillotière nan Lyon, ɗakin da muka tsufa a ciki ni da shi. Tun da aka ɗaura mana aure a Damagaram ban taɓa kama sunansa ba, Malam nake ce masa. Yau dole ta sa na faɗa, don mai karatu ya san wa ake nufi. Sunansa Malam Habu. Waɗanda suka zauna a Faransa a farkon shekarun dubu biyu ba su san shi da wannan suna ba. Baba Tsatsa suka sani, wanzamin nan na talabijin da babu wanda ya taɓa fita shagonsa da cikakken aski.

Malam ba ɗan wasa ba ne tun asali. Aikin masana'anta ya kawo shi ƙasar nan, a can ya ƙare ƙarfinsa har ya ajiye aiki. Sai dai tun yana yaro yake bin 'yan kama a kasuwa, yana kallon yadda suke sa mutane dariya da 'yan gangunansu, har uwarsa ta sha zane shi a kan haka. Abin ya zauna masa a jiki. In ana suna ko biki a nan Lyon, sai an gama cin abinci mutane su fara cewa, Malam Habu, a yi mana wanzami. A wurin wani suna ne wani yaro ɗan Maraɗi mai suna Lawali ya gan shi. Lawali ya karanta aikin fim a Paris, kuma yana aiki a wata 'yar tashar talabijin da ke yi wa baƙar fata shirye-shirye. Ya biyo shi har gida yana roƙo. Haka aka fara Shagon Tsatsa.

A wani shagon aski na gaske suke ɗauka, a unguwar Château Rouge ta Paris, ranar da mai shagon ba ya buɗewa. Malam ya hau jirgin ƙasa ya tafi Paris, ya kwana biyu ya dawo da ƙamshin man aski a rigarsa. Wanda bai ga wasan ba, bari in kwatanta masa. Akwai wata tsohuwar rediyo mai kaset a kan teburin shagon, ita ce abokiyar wasansa. Da kiɗa Tsatsa yake aski. In gurumi ya yi sanyi sai ya riƙa shafa kan mutum kamar mai lallashin jariri. In ya ɗau zafi, to mai kai ya shiga uku. In mawaƙi ya yi tambaya a cikin waƙa, Tsatsa ke ba shi amsa, wani lokaci har su yi gardama. In ya wasa mai kyauta sai Tsatsa ya ajiye aska ya miƙa wa wanda yake yi wa aski tafin hannu. In ya zagi marowaci sai ya tsaya yana kallon mutumin ta madubi. In kaset ya ƙare, aski ya ƙare ke nan, ko da rabin kai ne, sai an juya shi. Na ga manyan alhazai suna share hawaye saboda dariya a gaban wannan abu.

Tun ranar farko Lawali ya ce masa ba haka ake yi ba. Ya ce a aikinsu shiru ake yi a ɗauki magana ita kaɗai, daga baya a ɗora kiɗa a kai. Malam ya ba ni labarin da ya dawo, yana kwaikwayon fuskar yaron. Ya ce ya tambaye shi, ka taɓa ganin ɗan kama ya fito wasa ya bar ganga a gida? Ni da mai gurumin nan hira muke yi, ta yaya zan amsa wa mutumin da bai yi magana ba? Lawali yaro ne mai kunya, bai iya musu da sa'an ubansa ba. Ya bari aka kunna rediyon a cikin shago, makirfo ɗaya ya kwashi muryar Malam da ta mawaƙi a haɗe. A lokacin babu wanda ya ga illa a cikin haka. Ni ma da aka gaya mini cewa na yi, ai gaskiyar Malam ce.

Yawancin waƙoƙin na wani makaɗin gurumi ne, mutumin wajenmu. Ba zan kama sunansa ba saboda iyalinsa. Ya taɓa zuwa Lyon wasan biki, a gidanmu ya sauka, ni na yi masa tuwo da miyar kuka. Bayan an ci, ɗaki cike da mutane, Malam ya ce masa yana so ya riƙa wasa da waƙoƙinsa a talabijin. Mutumin ya dafa kafaɗarsa ya ce, Habu, na ba ka, kai da 'ya'yanka. Malam ya shiga ciki ya ɗauko rigarsa ta shadda da bai taɓa sawa ba ya yafa masa. Aka shafa fatiha. A wurinmu magana ta ƙare ke nan, babu abin da ya rage. Ba mu san cewa ya riga ya sayar wa wani kamfani na Paris da waƙoƙin ba tun lokacin da aka buga masa kaset. Ina zaton shi kansa bai ɗauka cewa sayar da kaset zai hana shi yin kyauta da abin da ya fito daga bakinsa ba.

Bayan 'yan shekaru tashar ta rufe. Mutane suka dami Lawali, a masallaci, a jirgin ƙarƙashin ƙasa, a shagunan Château Rouge, kowa yana tambayar yaushe za a fitar da Tsatsa a faifan DVD. Ya samo wani ɗan kamfani da ya yarda zai buga. Malam ya yi murna irin ta yara. Ya ce mini yanzu ko ya mutu jikokinsa za su san kakansu ba bangon masana'anta kawai ya sani ba.

Wata rana Lawali ya zo Lyon ba tare da ya kira ba. Na ajiye masa abinci bai taɓa ba. Ya zauna a bakin kujera yana murza hularsa.

Ya ce, "Baba, waƙoƙin ne suka zama matsala."

Malam ya ce, "Tsami suka yi?"

"A'a Baba. An ce ba mu da izinin sa su a faifai."

"To a talabijin da aka sa su shekara da shekaru, sata muka yi?"

"Wancan dabam ne. Tasha tana da yarjejeniyarta da masu kula da haƙƙin waƙa, amma ta watsawa ce kawai. Abin da za a sayar wa mutum ya kai gida, kowace waƙa sai an nemi izininta."

"Ai mai su ya ba ni."

"Baba, ka san ya rasu."

"Na sani mana, ni na yi masa sadaka a garin nan. Amma yana raye ya ba ni. Tambayi 'yar Birni, ita ta tuƙa tuwon."

'Yar Birni ni ce, haka yake kirana, don a unguwar Birni aka haife ni. Na ce gaskiya ne, a gabana aka yi. Lawali ya sunkuyar da kai ya ce, Inna, na yarda, amma su ba za su tambaye ki ba.

Ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan zan shaida masa a ko'ina. Ya bi sawun kamfanin da ya sayi waƙoƙin, aka ce wani ya saye shi. Ya je wurin wancan, suka faɗi kuɗin da ya fi ƙarfin aikin gaba ɗaya. Sauran waƙoƙin da suka ratsa cikin wasan, na Mali da na Kwango, waɗansu ma an rasa wanda za a tambaya, kuma masu buga faifan suka ce ba za su taɓa abin da ba a san mai shi ba. Sai aka ce a cire kiɗan. A nan ne abin da aka yi a shagon aski ya dawo mana. Murya da waƙa sun cakuɗe wuri ɗaya, ba a iya zare ɗaya a bar ɗaya. In za a cire gurumi, sai a cire Malam. Hanyar da ta rage ita ce a shafe sautin duka, a sa wani kiɗa da ba shi da rigima, shi kuma ya je sitidiyo ya sake faɗin maganganunsa yana kallon bakinsa a allo.

Ya je. Da ya dawo ban ji ƙamshin man aski ba, kuma bai kwaikwayi kowa ba. Ya ce an sa shi a wani ɗan ɗaki da aka liƙe bangonsa da soso, ko tarin mutum ba ya dawowa. Aka ɗora masa abin ji a kunne, babu komai a ciki. Ya ce, na ga wani tsoho a allo yana buɗe baki kamar kifi, aka ce in sa masa magana. Na san abin da ya faɗa, amma ban san me ya sa ya faɗa ba, tunda wanda ya tsokane shi ba ya nan.

Daga nan ya fara gwaji a gida. Bayan sallar la'asar sai ya sa tsohon kaset ɗin bidiyo da babban ɗanmu ya ɗauka daga talabijin, ya kashe sautin, ya ce in zauna in zama jama'a. Ya tsaya gaban allo yana faɗin maganar Tsatsa. Kalmomin su ne, muryar ita ce, amma abin ya mutu. Yakan riga bakinsa ko ya makara. Na zauna hannuna a cinya ina neman dariya ban same ta ba, kuma ban iya yi masa ta ƙarya ba, don zai gane. Tun ina amarya mutumin nan bai taɓa son in yi dariya na kasa ba sai a wannan lokaci. Ya juyo ya dube ni, na ga tsoro a idonsa. A ranar ne tsoron ya shige ni, kuma bai fita ba har yau.

Tari ya kama shi a cikin sanyin shekarar. Muka ɗauka na sanyi ne. Da aka duba aka ce huhu ne, kuma ya yi nisa. Ya sake zuwa Paris sau ɗaya ko biyu, numfashinsa ba ya kai ƙarshen magana, sai a tsaya a sake. Daga baya ya kasa hawa jirgin. Masu faifai sun jira, sannan suka gaji da jira. Lawali ya same ni a barandar asibiti ya ce mini a hankali, Inna, sun ce in Baba bai samu sauƙi ba za su nemo wanda zai ƙarasa. Na ce kada ya gaya masa. Amma Malam mutum ne da ya yi rayuwarsa yana karanta fuskokin mutane. Lawali na shiga ɗakin ya gane. Bai daɗe ba bayan haka Allah ya karɓi abinsa.

Ina cikin takaba faifan ya fito. Hotonsa a bangon faifan, da aska a hannu, da murmushin nan na gefe guda. 'Ya'yana suka taru, aka sa. Abin da ya fara fitowa wani kiɗa ne irin wanda ake sa maka a waya in ka kira ofis aka ce ka jira. Ga Malam yana rausaya da wani kiɗan dabam da babu mai jin sa. Ya tsaya ya miƙa hannu babu dalili. Ya kalli mutum ta madubi babu dalili. Sai ya buɗe baki, wani mutum ya yi magana. Har ɗan abin da ya samu ya faɗa a sitidiyo ba su sa ba, wai murya biyu a bakin mutum ɗaya za ta rikita mai kallo. Na ga fuskar mijina, na ga haƙorin nan nasa da ya karye, ina jin wani baƙo yana magana daga cikinsa. Na tashi na shiga ɗaki.

Mutane sun saya, don suna ƙaunarsa. Sannan na fara jin maganar da ta fi zafi. A wurin gaisuwa wata ta ce, ba ta san ina bayanta ba, ashe dai Tsatsa bai kai yadda muke tunawa ba, ƙuruciya ce ta sa muke dariya. Ban ga laifinta ba. Abin da aka ba ta ke nan ta kalla. Asalin ɗaukar kuwa, wadda take da gurumi da muryarsa, ta bi kayan tashar da ta rufe. Lawali ya nema, wannan ya tura shi wurin wancan, har aka kai inda babu mai amsa waya. Ya bar aikin fim daga baya. Duk sallah sai ya kira ni, kuma ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Ni ban sake kallon faifan da son raina ba, amma ban hana jikoki ba. Me zan ba su a madadinsa? An haife su a nan, Hausarsu ba ta da ƙarfi, kuma ga hoton kakansu yana motsi. In sun zo sai su sa, ina kicin ina ji. Sun haddace shi. Suna kwaikwayon Papi, haka suke ce masa, da muryar da ba tasa ba, da wata dariya ta hanci da Malam bai taɓa yi ba. Nakan ce musu ba haka yake magana ba. Su ce to yaya yake yi, Mami? In buɗe baki in rasa yadda zan yi. Murya ba abu ba ce da za ka kwatanta da hannu.

Akwai shekarar da muka je suna a unguwar Belleville ta Paris, gidan wata 'yar ƙanwata. Ina zaune cikin mata sai na ji an yi sallama daga ƙofa. Muryar da ke cikin faifan ce sak. Jikata Nana, lokacin ba ta wuce shekara takwas ba, ta miƙe tana waige-waige ta ce, Papi ne. Wani dogon mutum ne mai furfura, direban taksi, ana ce masa Malam Sani. An gaya masa ina nan, shi ya sa ya zo ya durƙusa daga nesa.

Ya ce, "Hajiya, ina gajiya, ina ƙarin haƙuri. Na daɗe ina son in gaishe ki, kunya ta hana ni."

Na ce, "Babu komai, Malam."

"Wallahi ban nema ba. Ce mini aka yi in ban yi ba aikin Baba zai ruɓe a akwati. Ni kaina na san ban kai ba."

"Allah ya saka da alheri."

Abin da na iya faɗa ke nan. Mutumin kirki ne, ba ni da komai a kansa. Amma duk tsawon gaisuwar ƙasa nake kallo, don in na rufe ido fuskar Malam ce ke zuwa a kan wannan murya. Nana kuwa ta bi shi har bakin ƙofa tana so ya yi mata wanzami.

Wani lokaci an ce mana wani ya sa guntun wasan na asali a intanet, wanda ya ɗauka daga talabijin tun a wancan zamani. Kafin labari ya iso mu Rakiya ta buɗe, an riga an kashe sautin. Ta ce akwai na'urar da ke sauraren duk abin da aka sa, in ta gane waƙa mai mallaki sai ta rufe ta, ba sai mutum ya kai ƙara ba. Na kalli Malam yana motsa baki shiru, kamar yadda ya kwatanta mini. Da muka sake dubawa bayan kwanaki an cire shi gaba ɗaya, kuma ba mu san wanda ya sa ba.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Kowa da waya, kowa yana aika murya, ko gishiri mace za ta tambaya sai ta yi magana ta tura. Da ya kai wannan zamani da ya cika wayoyin 'ya'yansa da surutu har su roƙe shi ya bari. A lokacinsa kaset yake aikawa gida Damagaram da gaisuwa. Na sa an bincika, an ce duk an ɗora wa'azi a kansu. Ita kuwa na'urar nan mai kunne, na san da ya yi wasa a kanta. Da ya sa Tsatsa yana aski yana raɗa, yana leƙen taga, yana rufe bakin rediyo da hula. Da mutane sun yi dariya. Ni dai ba ta ba ni dariya. Abin da ba ya barci, ba ya mantuwa, ba a iya gaishe shi ko a roƙe shi, ban san yadda ake zama da shi a duniya ɗaya ba.

Abin da ya rage mini shi ne kaset ɗin nan na bidiyo da yake gwaji da shi. A shekarun farko na kalle shi har hoton ya fara zubar da farar ƙura, wata rana kuma na'urar ta tauna zaren. Wani mai gyara a unguwarmu ya liƙa shi, ya ce kada in ƙara sawa, zaren ya yi laushi ya manne, in aka juya shi yana iya tsinkewa a ko'ina. Na naɗe shi a zane na sa a ƙasan akwati. Rakiya ta yi ta fama da ni in bari a kai wa masu juyewa a sabuwar na'ura. Na ƙi. Ina ganin muddin yana akwati Malam yana ciki. In aka sa ya tsinke, shi ke nan.

A farkon shekarar nan ne abin da nake gudu ya faru. Ina wanke kwanuka da hantsi, ba na tunanin komai, sai na tuna yadda yake kirana daga falo in ya rasa madubin idonsa. Na ji kiran sarai a kaina, 'yar Birni. Amma da muryar Malam Sani ya zo. Malam Sani bai taɓa faɗin wannan suna ba, bai ma san shi ba. Na kashe famfo na tsaya. Na nemi ta Malam, na tono ranar aurenmu, na tono faɗan da muka taɓa yi, na tono karatunsa na asuba. Duk inda na taɓa, wancan mutumin ne ke magana. Na zauna a ƙasan kicin ina kuka har Rakiya ta dawo daga aiki ta same ni. Na ce mata ta ɗauko kaset.

Paris muka kai shi, wurin wani Bature da aikinsa ke nan. Ya riƙe kaset ɗin kwanaki yana yi masa dabara, sannan ya kira mu. Ya ce yawancinsa ya lalace, amma ya ceto wani yanki da bai kai tsawon shan shayi ba. Ya kunna. Gurumi ya tashi. Mawaƙi ya yi tambayarsa, wata murya ta amsa masa. Siririya ce, tana da 'yar kaushi, tana sauri fiye da yadda nake zato. Zan faɗi gaskiya tunda shi ya sa na zauna yin wannan magana: ban gane ta nan take ba. Sai da ya ja numfashi ta haƙorin nan kafin ya yi dariya sannan na ce, shi ne. Matarsa ce ni, na haifa masa 'ya'ya, kuma sai da na jira.

Baturen ya gargaɗe mu cewa mu ajiye a gida, kada mu sa inda jama'a za su gani, don waƙar tana ciki. Da muka dawo na tara jikoki na sa musu. Nana, wadda yanzu ta zama budurwa, ta saurara ta ce, wa ke magana? Na ce kakanki ne. Ta ce a sake sawa. Aka sake. A karo na uku, inda ya ajiye aska ya miƙa hannu daidai lokacin da mawaƙi ya wasa mai kyauta, ta yi dariya ba tare da kowa ya yi mata bayani ba.

Abin da ya saura na Malam ke nan in aka auna: faifai a gidajen mutane mai fuskarsa da bakin wani, da ɗan guntu a wayar 'yata da ba mu da ikon nuna wa kowa, da tsohuwa wadda kanta ya fara yi mata ha'inci. Kowace safiya ina sa Rakiya ta kunna mini kafin ta fita, kamar shan magani, don na ga yadda abin yake zamewa. Ina roƙon duk wanda ke da tsohon kaset na Shagon Tsatsa a ƙasan gado ko a ɗakin ajiya, a Paris ko a Lyon ko a gida, kada ya zubar. Wanda kuma ya kalli faifan ya ce Tsatsa bai kai ba, ya yi haƙuri, bai ji Tsatsa ba.

Ban san kwana nawa ya rage mini ba, kuma ban san ko hankalina zai raka ni har ƙarshe ba. Shi ya sa na so a rubuta wannan tun ina iya shaida. Amana ce ya bar mini. Ranar da zai rasu, da yamma, muryarsa ta riga ta ƙare sai iska, ya yafito ni da yatsa na kai kunnena bakinsa. Bai ƙara magana da ni ba bayan wannan. Ya ce, "'Yar Birni, in sun sa mini bakin wani, ki gaya wa yara ba ni ba ne. Ke za su yarda da ke."